Dodon Koɗin da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Ruwan farko in ya sauka a Karshi, kafin ciyawa ta leƙo dodon koɗi ya riga ya fito. Duba katangar bulo da sassafe, irin wadda ba a yi wa filasta ba. Ga shi nan a layi na uku ko na huɗu, ƙaho a miƙe, ya bar sawu mai sheƙi a bayansa. Ba wanda ya ga zuwansa, don dama bai je ko'ina ba. Duk tsawon rani yana nan kusa, ƙarƙashin tarin bulo ko gindin ayaba, ya shige gida ya toshe ƙofa da busasshen yauƙi. Ba ci, ba sha. Ruwa ya jiƙa ƙofar ta yi laushi, ya ture ta ya fito. Hawan katangar ma ba shan iska ba ne. Gidan da yake goye da shi da sinadarin alli ake gina shi, siminti kuma yana da wannan sinadari. Mai gida ya sayi buhu da tsada, baƙo yana kankara kyauta.

Mu dai ba ma ci. Maƙwabtanmu 'yan kudu suna ci, kuma ba abincin talaka ba ne a wurinsu. Ka ga manyan a kasuwa, waɗanda suke cika tafin hannu, a cikin kwando an rufe da buhu don kada su silale. Ana fasa gidan, a cuɗe naman da gishiri da lemun tsami har yauƙin ya saki. Bahaushe ya tsaya ya kalla, ya ce Allah ɗaya gari bamban, ya wuce wurin mahauci. Rabonmu a cikin dabbar nan gidan ne, bayan mai shi ya mutu. Yara su tsinci katantanwa, su goge bakinta a dutse har ya daidaita, su murza ta a kan yashi. Wanda ya kasa kifar da tasa ya miƙa bayan hannu. Yanzu ko wannan ma da murfin biro da kan batir ake yi.

Kakanninmu sun fi mu hulɗa da dangin nan. Wuri ai gidan dodon koɗin teku ne, da yawansa daga tsibiran Maldives na tekun Indiya. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar wuri 2,500 ake ba da dalar azurfa ɗaya. An sayi doki da shi, an biya sadaki, an biya haraji. Ana ƙirgawa biyar biyar a kan tabarma, ba mai tambayar wa ya taɓa zama a ciki.

To akwai masu wannan tambaya, kuma ita ce sana'arsu. Fanni ne guda a ilimin dabbobi, na masu laushin jiki marasa ƙashi. Dodon koɗi na ciki, da mai ƙumba na bakin kogi, har da dabbar tekun nan mai hannu takwas. Nau'in da aka rubuta sunansu sun haura 70,000. In ka cire dangin ƙwari da gizo-gizo da ƙaguwa, babu zuriyar da ta kai su yawa. Mutum ya yi digiri uku, ya ƙare yana wanke laka a rariya. Na san abin da za ka ce, maƙwabci. Dakata tukuna.

Ɗaya daga cikin na farkonsu a wannan yanki namu wani saurayin Bafaranshe ne, Michel Adanson. Ya sauka Senegal a 1749 yana ɗan shekara 22 ko ƙasa da haka kaɗan, ya yi kusan shekara 5 yana tsince-tsince. Ko ba ka taɓa jin labarinsa ba, sunansa yana cikin tukunyarka. Bishiyar kuka a littattafan masana Adansonia ake kiranta, don shi. A 1757 ya fitar da littafi kan halittun Senegal, rabinsa mai yawa kan katantanwa da danginta. Kafin shi masu tara irin waɗannan kaya galibi gidan kawai suke dubawa, su jera a akwati saboda kyau. Shi ya nace sai ya ga mai gidan da rai, ya ga kansa da ƙafarsa da yadda yake ci. Wannan nacin ne ya sa ya tsaya a kan wani abu da ke manne da duwatsun gaɓar Senegal. Tarin bututu ne farare, a cukurkuɗe, kowa ya gani zai ce gidan tsutsa. Ya jira abin da ke ciki ya leƙo. Sai ga kai, ga ƙaho biyu. Ya sa masa suna Vermet, dangin kuma har yau Vermetidae ake ce musu.

Daga Karshi zuwa bakin teku mafi kusa ya fi kilomita 400, saboda haka ba za ka taka shi a hanyar gona ba. Bari in faɗa maka yadda yake rayuwa.

Yana ƙyanƙyashewa da gida irin na kowa, murɗaɗɗe tsaf, bai wuce milimita 1 ko 2 ba. Wasu nau'in suna rarrafowa daga bututun uwa su ɗan matsa gefe. Wasu suna yin 'yan kwanaki ruwa na yawo da su. Daga nan sai ya sami dutse, ko murjani, ko bayan wani babban ƙumba, ya manna gidansa da wani danƙo nasa. Tafiyarsa ta ƙarshe ke nan. Ba ƙaura, ba ziyara, ba gudun maƙwabci. In wurin ya yi kyau ya dace. In yashi ya rufe shi, shi ke nan.

Da ya zauna sai tsari ya watse. Murɗin nan mai kyau da aka san dodon koɗi da shi ya tsaya a zagaye na farko-farko. Sauran ginin duk yadda hali ya yi ne. Bututun ya bi kwarin dutse, ya kauce wa na kusa, ya hau kan wani, ya lanƙwasa, ya miƙe sama in ya ga za a binne shi. In bakin ya fuskanci inda ruwa ba ya kawo komai, wasu suna gutsure shi su sake fitar da sabo ta wani gefen, tabon ya zauna. In bututun ya yi tsawo, sai ya matso gaba ya toshe na baya da bango, ya bar ɗakunan farko babu kowa. Ba za ka sami biyu masu kama ɗaya ba. Masana sun daɗe suna rikita shi da ainihin tsutsar teku, wadda ita ma bututun alli take yi. Hanyar rabewa mai sauƙi ce in ka fasa. Na tsutsa cikinsa dusu-dusu ne. Na wannan sumul yake, yana ƙyalli, kuma can ƙasa ɗan murɗin yarinta yana nan.

Ƙafar da ba ta tafiya ba ta zauna banza ba. Ta dunƙule ta zama abin toshe ƙofa, a wasu nau'in har da murfi mai tauri. A gindinta akwai wata jaka mai yin yauƙi. Na katangarka da yauƙinsa yake shimfiɗa hanya. Wannan da nasa yake saƙa taru. Yana sakin zare-zare, igiyar ruwa ta baje su, ƙananan halittun ruwa da ɓurɓushin matattun abubuwa su manne. Kafin awa ta cika ya jawo tarun da harshensa mai ƙananan haƙora, ya haɗiye duka, kamun da tarun. Sai ya saki wani. Inda suka yi yawa tarunansu suna haɗewa su zama shimfiɗa ɗaya. Wanda ya riga ja ya ci har da rabon na gefe.

Sai maganar aure. Na tudu, irin na katanga, kowanne namiji ne kuma mace ne, amma duk da haka sai biyu sun haɗu, su ɓata sa'o'i. Na bututu galibi akwai namiji daban, mace daban, kuma ba mai iya zuwa wurin wani. Namijin yakan ƙunshe maniyyinsa a ɗan ƙulli ya saki a ruwa. In rabo ya rantse, ƙullin ya faɗa tarun mace, ta jawo shi tare da abinci, ya fashe a bakin ƙofa. In ya faɗa tarun wani namijin, ya zama kalaci. Ita kuma tana riƙe ƙwan a cikin bututun, a ƙananan jakunkuna, har su ƙyanƙyashe. Miji da mata suna iya zama taku ɗaya tsakani har mutuwa ba su taɓa juna ba.

Hausawa sun ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Kifi ne ya faɗa, kuma don kansa ya faɗa. Wannan ya zauna wuri ɗaya ya yi zuriya a duk tekuna masu ɗumi, nau'insa sun haura 100. Kifin ma yana shakkar sa. A Bahar Maliya an lura kifaye suna kauce wa tarun duk da abincin da ke manne a jiki, da aka bincika aka sami wasu sinadarai a cikin yauƙin. Bakin bututun kuma kaifi gare shi. Masu tafiya ba takalmi a kan duwatsun gaɓa sun san shi, yana cire fatar tafin ƙafa a zagaye.

Na san masu irin wannan zama a nan. A 2011 aka ba da kwangilar hanyar Apo zuwa Karshi, wajen kilomita 13. Ma'aikaci ya ji labari, ya tattara abin da ya tara ya sayi fili, aka ce da an gama hanya minti kaɗan ya isa ofis. Ya sa harsashi. Ya yi ɗaki biyu, ya ƙara ɗaya da aka haifi na uku, ya karkatar da katanga don ta kauce wa kwazazzabo, ya sake karkatar da ita don ta kauce wa maƙwabci. Taswirar da magini ya zana tun farko tana cikin akwati. Aka shekara fiye da 10 ana jiran hanya. Sayarwa asara, tashi ba hali. Inda suka rabu da na teku, shi abinci har ƙofa ruwa yake kawo masa. Namu kafin kiran assalatu ya fita, ya bi Orozo, Kurudu, Jikwoyi, Karu, ya je ya tsaya a cunkoson Nyanya.

Kada ka ɗauka wanda ba ya motsi ba ya ɓarna. Murjanin da muka sani a wuya da hannu, asalinsa ginin wasu ƙananan dabbobi ne. Danginsu masu gina tsaunuka a ƙarƙashin ruwa suna bukatar haske da ruwa mai gudu. Babban dangin masu bututun nan, wanda ake kira Ceraesignum maximum, a jikinsu yake zama. Tarunsa yana lulluɓe su, ya tare ruwa, ya tara laka. A tsibirin Moorea, kusa da Tahiti a tekun Pasifik, masu bincike sun gwada. Wani murjanin suka bar shi da baƙin, wani suka raba shi da su. Sakamakon da suka fitar a 2010 ya nuna girman wani nau'in murjani ya ragu da har kashi 81 cikin 100. Wanda ya kamata ya yi tozo sai ya baje. Ana cikin lissafin yadda abin zai ƙare, a tsakiyar 2015 masu bututun suka mutu kaf a tsibirin cikin ɗan lokaci. Masu binciken sun yi zargin cuta ce. Bututun suka rage a tsaye, ba kowa ciki.

A Bahar Rum kuma aikin gini suke yi. Wasu ƙanana, 'yan jinsin Dendropoma, suna taruwa dubbai tare da wata gansakuka mai tauri, su yi dakali a bakin gaɓa, a Sisili da Sifaniya da Lebanon. Dakalin yana karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta ci dutse. Kuma ba sa zama sai daidai inda ruwa yake tsayawa, ba sama sosai ba, ba ƙasa sosai ba. Wani Bafaranshe, Jacques Laborel, ya ga amfanin wannan taurin kai. In ka sami tsohon bututu manne a dutse sama da kanka, to teku ya taɓa kaiwa nan. A auna shekarun bututun, a auna tsayin wurin. Da haka aka tabbatar cewa a gaɓar Brazil, kimanin shekara 5,000 da suka wuce, ruwa ya fi na yau tsayi da 'yan mitoci. Da mai yawo ne, da ba wanda zai karɓi shaidarsa.

Sun taɓa shiga jarida ma. A 2009 aka nutsar da wani tsohon jirgin ruwan sojan Amurka mai suna Vandenberg da gangan, kusa da Key West a jihar Florida, don kifaye su sami mafaka. A 2017 Rüdiger Bieler na gidan tarihin Field da ke Chicago, shi da abokan aikinsa, suka ba da sanarwar sabon nau'in mai bututu a jikin jirgin. Danginsa na kusa a tekun Pasifik suke, ana kyautata zaton wani jirgin ne ya ɗauko shi. 'Yan jarida suka yi ta kwatanta shi da jarumin fim ɗin nan mai harba saƙar gizo. Ni ban ga abin tafi ba. Majina ce, yana hurawa yana shanyewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yana wani shafin na littafin Adanson. A kududdufan ruwan daɗi na wajen Podor, a bakin kogin Senegal, ya tsinci wani ɗan ƙaramin dodon koɗi. Ba kyau, ba nama, ba kasuwa. Ya zana shi, ya sa masa suna Bulin, ya wuce. A 1781 wani masani ɗan Denmark, Otto Müller, ya mai da sunan Bulinus. Adanson ya mutu a 1806 cikin talauci, bai san abin da ya tsinta ba.

Shekarar da Barth yake kallon ƙirgar wuri a Kano, wato 1851, wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, yana Alƙahira yana binciken gawa. A jijiyoyin jini ya ga tsutsar da ke kawo tsargiya. Yadda take shiga mutum kuwa sai da aka ƙara shekara fiye da 60 ana gardama. A 1915 Robert Leiper, ɗan Birtaniya, ya warware zancen a Masar. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya fashe, ɗan abin da ya fito ya nemi dodon koɗi cikin sa'o'i kaɗan, in bai samu ba ya mutu. In ya samu, ya shige jikinsa ya yi ta ninkuwa har wata guda ko fiye. Daga nan dubbai suke fitowa, sun fi fita da tsakar rana, su huda fatar duk wanda ke cikin ruwan. Mai masaukin tsargiyar mafitsara shi ne Bulinus. Daga littafin Adanson zuwa aikin Leiper shekara 158.

Kana iya gane shi da ido. Riƙe katantanwar katanga, tsinin yana sama, bakin yana kallonka. Bakin yana dama. Kusan duk dodon koɗin duniya haka suke. Bulinus bahago ne, nasa bakin yana hagu. Gidansa siriri ne, launin laka, galibi bai kai santimita 2 ba. Yana manne a bayan ganyen bado, ko jikin kara, ko ledar da aka yar. Wasunsu in kududdufi ya ƙafe sai su nutse a laka su jira damina, yadda na tudu yake yi. Yana da abokin aiki, Biomphalaria, mai gida a baje kamar an danne shi, shi ke ɗauke da tsargiyar hanji. Akwai na uku mai kai wa shanu tsutsar hanta. Mahauta sun san aikinsa, ko ba su san shi ba.

Kogin da Adanson ya yi tsince-tsincensa ya sake ba da darasi a zamaninmu. A 1986 aka gama madatsar Diama kusa da bakin kogin Senegal, don hana ruwan gishiri hawowa. Ruwa ya kwanta, ciyawa ta yi yawa. Manyan jatan lande masu cin dodon koɗi, waɗanda sai sun sauka ruwan gishiri suke hayayyafa, hanya ta toshe musu. Daga 1988 tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard Toll, inda a da ba a san ta ba. Mu ma muna da namu madatsun da hanyoyin ban ruwa, Tiga da Kadawa da Bakolori, kuma Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen yawan masu cutar. A wasu garuruwa har an taɓa ɗaukar jini a fitsarin yaro alamar ya fara zama namiji.

Abuja ba ta fita daga lissafin ba. Ana raba maganin praziquantel a makarantu, a tsayar da yaro jikin sanda mai zane, tsayinsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha. Maganin yana kashe tsutsar da ke jiki. Dodon koɗin da ke rafi ba ruwansa. Rafi kuwa a gari irin namu ba wurin shaƙatawa ba ne kawai. Nan ake wanki in famfo ya ɗauke, nan ɗan acaɓa yake wanke babur, nan masu buga bulo suke ɗiba. Yara kuma da an tashi makaranta, rana na tsaka, sai su tuɓe.

Shi ya sa har yanzu ake tura masu rariyar nan. In ka taɓa ganin su a bakin ruwa ba za ka manta ba. Mutum ya sa takalmin roba har gwiwa, safar hannu har gwiwar hannu. Yana kamfato ciyawa da rariya mai dogon mariƙi, yana tsince 'yan katantanwa da hantsaki, ba ya yarda ɗigo ya taɓa shi. Zai kai su ɗakin bincike, kowanne a ɗan kofinsa da ruwa mai tsabta, a ajiye a haske, a duba da madubi ko wani abu zai fito. Galibi kaɗan ne suke ɗauke da tsutsar, kaɗan ɗin kuma sun isa. Taku biyar daga inda yake tsaye yara suna alkafura a cikin ruwan. Wani ya matso, ruwa har ƙirji, ya ce, “Baba, nawa za ka ba ni in ciko maka gwangwani?”